Takalmin da Yaya Bai Sa Ba

Tun kafin a sa ranar intabiyu Auta ta san tambayar da za ta iya kayar da ita. Ba ta fannin magani ba ce, wannan ko daga barci aka tashe ta za ta amsa. Tambayar ƙarshe ce, wadda manyan likitocin babban asibiti suke ajiyewa sai sun gaji sun fara leƙen agogo: in mun ɗauke ki, mun horar da ke har kin ƙware, ina za ki nufa da abin da muka koya miki?

Gurbi biyu ne kacal a sashen sa barci, wato sashen likitocin da ke sa majinyaci barci kafin a yi masa tiyata, su tsaya a kansa har ya farfaɗo. Masu nema kuwa sun cika benci sun yi saura. Auta ba don ado take son gurbin ba. A ƙaramin asibitin garinsu, inda take aiki tun da ta gama makaranta, akwai ɗakin tiyata da gadonsa da fitilarsa, amma an garƙame shi da kwaɗo, an mayar da shi ma'ajiyar ruɓaɓɓun katifu, saboda babu mai sa barci. Duk wanda cikinsa ya buƙaci wuƙa sai a ɗora shi a mota a bi shi da addu'a. In ta rasa gurbin bana sai ta jira baɗi, kwaɗon kuma yana nan inda yake.

Ƙawarta Fara, wadda suka yi zaman ɗaki ɗaya a makaranta, kuma ita ma take neman gurbin, ita ta ja ta wurin Siniya. Siniya likita ne da ya riga su shiga horon da daɗewa, har yau bai fita ba, jarrabawa ta ƙi shi shi ma ya ƙi ta. Amma Allah ya ba shi baiwa guda, ya san yadda ake cin intabiyu. Duk shekara in lokaci ya matso yakan tara masu nema a ɗakin hutun likitoci bayan la'asar ya yi musu atisaye, kuma babu mai ganin aibin hakan, abu ne da aka saba a gidan.

Ɗakin kansa ya isa ya hana mutum cin abinci. Kujeru sun yage soso ya leƙo, kofunan shayi sun jeru a bakin taga har sun yi fumfuna, firiji kuwa in an buɗe sai ka ga kwalaben jinin majinyata kusa da kwanon abincin wani. Wani bawan Allah ma ya cire safarsa ya shanya a hannun kujera. Auta ta ɗosana a gefe ta tattare rigarta.

"Kada wanda ya kuskura ya ambaci ƙasar waje," haka Siniya ya fara. Ya ce kowa ya san rabin mutanen ɗakin nan fasfonsu na aljihu, masu tambayar ma sun sani, ai nasu 'ya'yan can suke, amma ba a faɗa. Amsar tana da ƙa'ida. Da farko a kawo wanda ya mutu saboda rashin likita. Daga nan murya ta ɗan karye, a dubi ƙasa. Sannan a ɗauki alkawarin komawa ƙauye a yi wa talakawa hidima har tsufa. "Don haka kowa ya nemo gawarsa. Kaka, kawu, maƙwabci, duk ɗaya ne. Wanda ba shi da ita ya ƙirƙira."

Aka yi dariya, aka shiga kawo gawarwaki ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan gayu da ake kira Mai Turare, don ƙamshinsa yakan riga shi shiga ɗaki. Shi ya miƙe ya kashe kakarsa, wadda kowa ya san tana nan da ranta tana cin kasuwa. Wannan Mai Turaren ne kuma ya ishi kowa da labarin shirinsa a duk inda aka zauna: jarrabawar waje da ya riga ya ci, dillalin da ke nema wa likitoci aiki a wata ƙasa mai sanyi, asibitin da ba ya jiran komai sai takardar ƙwarewarsa. Siniya ya saurare shi ya yatsina fuska, ya ce kaka ta sha jiki, kowa kaka yake kawowa, ya nemo wata gawar mai ɗan jini a jika.

Da aka zo kan Auta, cewa ta yi za ta koma garinsu saboda babu mai sa barci a can. Siniya ya jira, da ya ga ta gama sai ya ce wannan amsa babu gishiri, ko akuya ba za ta lasa ba. Ina gawarta? Ko ita danginta ba sa mutuwa?

Nan ran Auta ya ɓaci, kuma ɓacin ran ne ya buɗe mata baki, ta faɗi abin da ko Fara ba ta taɓa ji daga gare ta ba. Yayanta tela ne, shi ya riƙe ta a makaranta da keken ɗinkinsa. Tana gida hutu, saura mata kaɗan ta gama, hanjinsa ya murɗe. Aka kai shi ƙaramin asibitin. Likitan tiyata yana nan, har ya naɗe hannun riga, amma mai sa barcin ya daɗe da barin aiki ba a kawo wani ba. Aka ɗora Yaya a bayan mota zuwa birni, kansa a cinyarta. Hanya ba hanya ba, kowane rami sai ya damƙe mata hannu. Can sai ya fara cewa, "Auta, cire mini takalmin nan, yana matse ni." Ƙafarsa kuwa babu komai, takalman suna can ƙofar ɗaki inda aka ɗauko shi. Ya yi ta maimaitawa, har ta miƙa hannu ta kama ƙafar ta yi kamar tana zare wani abu. Ya ce yawwa. Bai sake magana ba, kuma ba su kai birnin da shi ba.

Auta ta ji nadama tun kafin ta rufe baki. Sai ga Siniya yana tafi. Ya ce wannan ita ce amsa, takalmin nan shi ne makamin, ya tambaye ta ko a wani wuri ta karanta. Fara ta rungume ta tana share ido. Mai Turare ya kafe ta da kallo, leɓensa na ɗan motsi, ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka addu'a yake yi wa mamacin.

Ranar intabiyu aka jera su a barandar ofishin sashe, kowa ya ci kwalliya. Wurin yana warin maganin wanke ƙasa da aka zuba a kan fitsari ba tare da an wanke fitsarin ba. Ana cikin jira aka turo gadon majinyaci an lulluɓe wanda ke kai har fuska, wani ruwa na ɗiga daga ƙasan katifar. Duk waɗannan masu shirin sadaukar da rayuwarsu ga talakawa suka ɗaga ƙafa lokaci guda don kada takalmansu su ɓaci, suka ci gaba da duba waya.

Mai Turare aka fara kira. Ya fito idanunsa jajur yana goge hanci da farin hankici, ya wuce ta gaban Auta bai dube ta ba. Wasu suka shiga suka fito. Fara ma ta shiga, da ta fito sai ta ce kanta ke ciwo, ta yi gaba da sauri ko fatan alheri babu. Auta ta ga abin wani iri, amma hankalinta na kan nata. Sai da rana ta yi sanyi aka kira ta, kusan ita ce ta ƙarshe.

Mutum uku ne a bayan tebur. Farfesa a tsakiya, ƙato mai furfura, ya kwance maɓallin wuya. A damansa Shugabar sashe, ta sa tabarau a kan hanci tana latsa waya a ƙarƙashin tebur, wai ba a gani. A hagu wani tsohon likita yana sosa kunne da makullin mota, ya zaro ya duba abin da ya samo, ya goge a jikin kujera. Farantan abincin rana ba a kwashe ba, ƙudaje sun yi dandazo a kan ƙasusuwa.

Tambayoyin aiki suka zo, ta amsa su tiryan-tiryan. Yadda ake sa mai ciwon zuciya barci, abin da za a yi in numfashi ya ɗauke, maganin da ba a ba mai juna biyu. Farfesa yana gyaɗa kai, tsohon ma ya ajiye makullinsa. Sannan Farfesa ya jingina ya jefo tambayar ƙarshe, da muryar wanda ya gaji da jin amsarta.

Auta ta riga ta yanke cewa tunda an taɓa jin labarin a ɗakin da ake shanya safa, babu dalilin da zai hana ta faɗe shi inda zai yi amfani. Ta fara da kwaɗon ɗakin tiyata, ta gangaro kan Yaya. Da ta ambaci tela sai tsohon ya yi murmushi. Da ta kai kan mota Shugaba ta ɗago daga wayarta ta dubi Farfesa. Da ta ce kansa a cinyarta sai Farfesa ya ɗaga hannu.

"Dakata, 'yata. In ƙarasa miki? Ya ce ki cire masa takalmi, alhali ƙafarsa babu komai."

Su ukun suka fashe da dariya. Tsohon har da buga tebur, ƙudaje suka tashi suka sake sauka. Ya ce wannan tela Allah ya ji ƙansa, tun safe yake mutuwa, ya mutu yana yaya, ya mutu yana ƙane, ya mutu yana kawu, kuma har yanzu ba a gama cire masa takalmin ba. Shugaba ta ce ita dai na farkon ne ya taɓa mata zuciya, yaron nan mai ƙamshi, sai da tsigar jikinta ta tashi, da gani nasa ne sauran suka kwafa. Ta dubi Auta ta saman tabarau ta ƙara da cewa ita ko ɗan hawayen ma ba ta iya yi ba.

Auta ta tuna ranar atisaye. Ta ga leɓen Mai Turare yana motsi, ta ga Fara tana share ido a kafaɗarta. Ashe haddacewa suke yi. Sun ɗauki ƙafar Yaya, ƙafar da ta riƙe tana sanyi a hannunta, sun yi ta miƙa wa juna kamar cokali a gidan biki.

"Ranka ya daɗe, yayana ne. Ni abin ya faru da ni."

"Kowa da shi ya faru," in ji Farfesa. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce ya daɗe a kan kujerar nan, duk shekara sai an mayar masa da ofis maƙabarta, duk shekara ana yi masa rantsuwa da ƙauye, kuma duk wanda ya horar yana karɓar takarda sai filin jirgi. Shi tafiyar ba ta dame shi ba, kowa da inda abincinsa yake. Rainin hankalin ne ya ishe shi. Ya ce ta amsa tambayoyin aiki fiye da kowa, zai zama asara a yar da ita saboda tatsuniyar aro, don haka zai ba ta dama guda. "Ki gaya mana gaskiya. Ina za ki in kin gama?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta gane abin da suke nufi da gaskiya. Gaskiya a wurinsu ita ce abin da su za su yi in da su ne. Mutumin da zai koma inda babu wuta babu ruwa don ya buɗe wani kwaɗo, wannan ba su taɓa ganinsa ba, kuma ba yau za su fara ba. Tana iya tashi ta fita da mutuncinta da na Yaya. In ta yi haka, gurbin ya tafi, kuma kafin baɗi za a ɗora wasu a bayan mota, kawunansu a cinyar ƙannensu.

Ta ce waje za ta tafi. Abin mamaki, maganar ba ta yi mata wuyar fita ba, domin ta sha jin ta har ta haddace. Ta zayyana musu jarrabawar waje, da dillalin da ke nema wa likitoci aiki, da ƙasar mai sanyi, da asibitin da ke jiran takardar ƙwarewa kawai. Shirin Mai Turare ne kaf, ko waƙafi ba ta sauya ba. Tana magana tana ƙyamar muryarta.

Fuskar Farfesa ta washe. Ya juya ga abokansa ya ce to madalla, yau dai kafin ya bar aiki ya ga mai gaskiya. Shugaba ta ce ƙasar da ta ambata ai ɗanta na can, in lokaci ya yi za ta haɗa su. Tsohon ya koma kan kunnensa. Farfesa ya ɗauki biro zai rubuta wani abu, sai ya tsaya, ya ɗago yana murmushi irin na uba da ya kama 'yarsa da ƙaramar ƙarya kuma ya riga ya yafe.

"Wato dai babu wani yaya?"

Ta so a ce bai tambaya ba. Ta so ta yi shiru shirun ya wadatar, amma biron na tsaye a sama yana jira.

"Babu, ranka ya daɗe."

Da ta fito banɗaki ta nufa don ta kurkure baki. Famfon ya yi tari bai kawo ko ɗigo ba, ƙasa kuma jagab da abin da ba ruwa ba. Ta tofar da yawu a kwatami ta fito. A wurin ajiye motoci ta ci karo da Mai Turare ya jingina da motarsa, idanun sun washe tas. Bai ko ji kunya ba. Ya ce ta yi haƙuri, aro ya yi, ai labari ba ya ƙarewa don an faɗe shi, kuma in ta duba da kyau marigayin ma zai samu lada tunda ya zama sanadin alheri ga wani. Ya tambaye ta ko zai rage mata hanya. Ta kauce wa ƙamshin turarensa, ta wuce abinta. Fara kuwa ba ta sake kiran ta ba, ita ma ba ta nema ba.

Bayan 'yan kwanaki aka kira ta a waya daga ofishin sashe, aka ce ta samu. Gurbi na biyun Mai Turare aka ba. Siniya ne ya fesa yadda aka yi: Shugaba ta tsaya kai da fata a kan yaron da ya taɓa mata zuciya, Farfesa ya tsaya a kan yarinyar da ta faɗi gaskiya, tsohon ya ce duk abin da suka yanke ya yi. Har Siniya ya fara tunanin sauya darasinsa na baɗi, a riƙa raba masu nema gida biyu, masu gawa da masu gaskiya. Shekarun horon nan gaba ɗaya, kafaɗa da kafaɗa za ta yi su da mutumin da ake yi wa kallon ƙanen tela.

Ranar da labarin ya zo tana gida. Inna na zaune a ɗakin da Yaya yake ɗinki, wanda ta mayar wurin hutawarta da rana. Keken yana nan an rufe shi da tsohon zane, takalman suna ƙarƙashinsa a jere, Inna ba ta taɓa yarda a bayar da su ba, takan ma kakkaɓe musu ƙura. Auta ta durƙusa ta gaya mata. Inna ta yi hamdala ta sake yi, ta ce yanzu kwaɗon nan ya ga ta kansa. Sannan ta rage murya.

"Kin gaya musu na yayanki?"

"Na gaya musu, Inna."

"Na sani. Ai da suka ji dole su ba ki." Ta dubi wajen keken, idonta ya ciko amma fuskarta na murmushi. "Bai taɓa barin ki ke kaɗai ba, yaron nan. Yana raye ya tsaya miki, yana kwance ma ya shiga ɗakin nan tare da ke. Ke ma ba ki manta da shi ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta."

Ta ɗaga tafukanta tana jira. Auta ta buɗe baki, bakin da ya ce babu, ta sake rufe shi. Idonta na kan takalman.

Inna ta ɗan jira, ta sauke hannu ta leƙa fuskarta.

"Auta, ba ki ce amin ba."